Ludayin Gwaggo Mai Ganye

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu isa. Yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage mana a ɗakinsu. Ta rasu wata Talata a tsakiyar bazara, aka yi mata sutura a gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi. Ban zauna rubuta wannan don in yi kuka ba. Kukan na riga na yi shi a maƙabarta, har sai da mai haƙar kabari ya ajiye shebur ya zo yana ba ni baki. Abin da ya zaunar da ni shi ne maganganun da kunnena ya kwaso a wurin zaman makoki.

Jama'a kam sun zo. In na faɗi yawansu matata za ta ce na fara, don ni dillalin motoci ne, kuma an san mu da ɗan ƙarin gishiri. To amma a tambayi masu adaidaita sahu, kwana uku suna zagaye layin don ba hanya. Kowa ya zo sai ya durƙusa, a yi addu'a, a shafa, ya ce ya haƙuri. Daga nan sai ya gyara zama, ya karkata wajen na kusa da shi, ya rage murya.

Wani dattijo mai jan carbi ya ce, "Baiwar Allah ke nan, ba ta da abokin faɗa. Sai dai ɗan abin nan nata na ganye."

Na kusa da shi, wani tsohon malamin makaranta, ya ce, "Ai tsufa ne. Kaza 'yar Turai, an ƙyanƙyashe ta da inji, a ce za a riƙa ɗura mata jiƙo kamar mai basir?"

Ta cikin soro kuma na jiyo wata maƙwabciya tana cewa yanzu dai unguwa za ta huta da warin kaji. Na san muryar. Ba a taɓa yin Sallar da ba ta aiko a zaɓar mata mai ƙiba ba.

Mutum ɗaya ce ban ji ta ce komai ba, wata mata da ke tsugune a bakin famfo tana wanke tukwane tun safe, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Zan dawo kanta.

Ɗan abin nan nata! Shekara talatin da wani abu mace tana kiwon buroila, kajin Turai na yanka, a bayan gidanta, ta aurar da 'ya'ya da shi, ta ciyar da rabin layi, sannan a naɗe shi duka cikin "ɗan abin nan". To ni ban yarda ba. Shi ya sa zan faɗi abin nan ɗin, dalla-dalla, wanda zai ji haushi ya ji.

A bayan gidan akwai ɗakin kaji na langa-langa da waya, gefensa bishiyar zogale huɗu, da shuwaka da ta yi shinge har kan katanga, da gwanda guda. Darbejiya kuwa ta bakin titi take tsinka. Da la'asar take tsinkar ganye, ta wanke, ta daka a wani turmi da babu mai taɓa shi ko da kuwa gobara ake, ta jiƙa, da safe ta tace da farin ƙyalle. Wanda za ta ajiye kuma a inuwa take shanya shi. In ka shanya mata ganye a rana, ka shirya sauraron tarihin kakanninka. Satin farko zogale kaɗai take ba 'yan tsaki, tsararo kamar ruwan shayin marowaci. Sai sun yi ƙwari take kawo shuwaka. Darbejiya kuwa 'yan ganye ƙalilan take jefawa, kamar gishiri a miya.

Ba ta da sikeli, ba ta da littafi. Ludayi gare ta, na duma, ya tsage an ɗinke shi da zare. Kullum kafin ta zuba wa kaji sai ta kamfata ta kurɓa, ta rufe ido, ta juya shi a baki. Wani lokaci ta ƙara ruwa, wani lokaci ta gyaɗa kai.

Takan ce, "Ɗacin ya gaishe ka ya wuce. In ya zauna yana tambayarka iyali, ya yi yawa."

Ni ne mai kawo mata buhunan abincin kaji a mota, don haka na ga wannan kurɓar ta fi sau dubu. Duk zuwan da zan yi sai ta miƙo mini ludayin.

"Ungo, Sarkin Zuƙi, ɗanɗana."

"Gwaggo, azumi nake."

"Da goro a bakinka?"

"Na mantuwa ne."

"Allah ya shirye ka. Bakin nan da ya iya sayar da mota ba inji, ya kasa kurɓar ruwan ganye."

Ban taɓa kurɓa ba. Ko sau ɗaya. A riƙe wannan.

Masu cewa camfi take yi ba su san ta ba. Rigakafin kaji ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ranar da mai rigakafi zai zo, tun hantsi tana bakin ƙofa, in ya makara ya sha faɗa. Takan ce ganye abinci ne, yana buɗe wa kaza ciki ta ci da kyau, ya gyara mata kashi, amma ba allura ba ne. In cuta ta shigo, likita take kira, ta ba da magani yadda ya ce. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a ɗura wa lafiyayyar kaza magani kullum, ko a kai ta ga wuƙa maganin bai fita daga jikinta ba. Akwai shekarar da mura ta kama mata kaji ana saura kwana huɗu Sallah. Ta ba su magani suka warware, masu saye suka yi layi har titi. Ta fito ta ce babu ta sayarwa. Aka yi roƙo, aka yi magiya, wani har da rantsuwa cewa shi cikinsa na ƙarfe ne. Ta ce, "Naka na ƙarfe ne, na 'ya'yanka fa?" Ta ja ƙofa. A shekarar, mu kanmu da miyar kuka muka yi Sallah.

Wasu ɗalibai masu karatun kiwo sun taɓa zuwa da littattafai da biro, suna tambayarta ma'aunin da take bi. Ta miƙa wa na gabansu ludayi. Ya kurɓa, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, ya ce yaya zai rubuta wannan. Ta ce, "Rubuta yadda fuskarka ta yi, ka ce rabin haka."

Babbar rigimarta da ɗanta na fari ce. Shi taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini Maƙaryacin Tarauni. Ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Hotoro, mutumin kirki, amma ko ruwa zai sha sai ya ga takardarsa. Gwaggo ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. "Mutumin ofis" take ce masa. Wata rana ya zo mata da katon, kwali guda cike da magunguna a leda-leda, ya ce a riƙa zubawa a ruwan kaji kowace safiya, a daina wahalar daka.

Ta ce, "Ciwon me suke?"

"Ba sai suna ciwo ba, Hajiya. Haka ake yi yanzu."

"Kai kullum kake shan maganin zazzaɓi, da ciwo da babu?"

"Hajiya, duniya fa ta ci gaba."

"To ta gaida na gaba."

Ransa ya ɓaci. Ya ce ta mai da gida daji, ya ce tun yana firamare ake kiransa ɗan mai kashin kaji, ya ce yanzu yana da halin da zai riƙe ta ta huta amma ta ƙi, sai ka ce ba ta haifa ba. Ta ci gaba da tace ganyenta. Da ya tashi tafiya ta sa ni na mayar masa da katon ɗin cikin but ɗin motarsa, ta ɗora masa soyayyun kaji biyu a kai. Wata guda ba su yi wata doguwar magana ba. Kajin dai ya cinye, ni shaida ne, don matarsa ta gaya wa matata har ƙashin ya tauna.

Yanzu ga matar bakin famfo. Shekarun baya ta zo daga wani ƙauye ta wajen Rano, mijinta na tuƙa adaidaita, suka kama ɗaki a gidan da ke jikin na Gwaggo. Ba ta san kowa ba, ba ta da sana'a, kullum tana leƙe ta katanga. Gwaggo ta kira ta, ta ce leƙe ba ya koya wa mutum komai, ta shigo. Shekara biyu tana daka tana tata a gefenta. Da za su tashi zuwa Unguwar Gano, Gwaggo ta ba ta 'yan tsaki goma, ta saro mata reshen zogale ɗaya da sandar shuwaka biyu, ta ce ta soke su a ƙasa ta riƙa zuba musu ruwan wanke-wanke. Tun daga nan "'yar ɗakina" take kiranta.

Kwana biyu kafin rasuwarta aka kawo wa Gwaggo sababbin 'yan tsaki ɗari da hamsin. Ranar Talatar da hantsi ƙirjinta ya riƙe. Ni na ɗauke ta zuwa asibiti. Da son raina ne, da na ce ta yi mini wata doguwar wasiyya mai sa kuka, kuma na san da an yarda. Amma a kan Gwaggo ba zan ƙara ko gishiri ba. Abin da ta ce, muna cikin cunkoson titin gidan zu, shi ne, "Kar a bar su da ƙishi." Kafin la'asar ta cika.

Ranar sadakar uku na zaga baya in duba 'yan tsakin. Na tsaya na murza ido. Bishiyoyin zogalen nan huɗu tsirara suke, ko ganyen rantsuwa babu. Matan da suka zo taya girki sun ga zogale a tsaye, ga baƙi a zaune, ga ƙuli-ƙuli a kasuwa, sai suka yi abin da kowace mace mai hankali za ta yi: suka yi kwaɗo. Har busasshen da ke cikin buhu suka juye. Shuwakar ma an yi mata aski, ta tafi miya. Ashe kwaɗon da na ci kwano biyu jiya ina santi, abincin marayu na ci. Tsohon malamin nan mai maganar basir kwano uku ya tashi da shi.

Ranar bakwai, bayan an watse, taubashina ya kira ni gefe. Ya ce ya yi magana da ƙannensa. Da an yi arba'in za a sare bishiyoyin, a rushe ɗakin kaji, a fitar da shaguna tunda bayan gidan na kallon titi. 'Yan tsakin kuma a kai wa duk mai so tun yanzu.

Ya ce, "Wannan wahalar ce ta kashe ta." Idonsa ya yi ja. Ban yi masa wasa a kan wannan ba.

Amma na lissafa da yatsu. Buroila sati shida take yi ta isa yanka. An kawo su saura kwana biyu ta rasu. Ranar arba'in ɗinta ke nan cif za su cika kwana arba'in da biyu.

Na ce, "Bawana, gida naku ne, ku yi yadda kuka ga dama. Amma kajin nan babu inda za su. Ni zan ƙarasa su, da ganye, yadda take yi. Su za a ci ranar sadakarta."

"Kai? Kai da ko akuya ba ka taɓa ɗaurewa ba?"

"Shekara talatin ina kallo."

"Kallo. To Maƙaryacin Tarauni, Allah ya ba da sa'a. In sun mutu kar ka ce mini hijira suka yi."

Washegari na tashi da ƙarfina. Zogale babu, shuwaka babu, amma darbejiya ai ta cika titi. Na ce in 'yan ganye ƙalilan suna gyara kaza, to buhu guda zai mai da ita jimina. Na cika turmi, na daka har kafaɗata ta amsa, na tace, ruwan ya fito kore shar har yana baƙi-baƙi. Na dubi ludayin a rataye jikin ƙusa, na kau da kai. Na cika duk mazuban ruwa da shi, na tafi wajen sana'ata ina gaya wa abokan aiki cewa nan da wata guda sai an sa wa kajina linzami.

Zafin ranar da aka yi kwana biyun nan, ko ƙarfe ka ajiye sai ya yi laushi. A rana ta biyu da azahar na shigo na tarar mazuban cike yadda na bar su. 'Yan tsakin sun buɗe baki, sun saki fukafukai, sun taru a kusurwa suna kallon ruwan kamar an ajiye musu maciji. Goma sha ɗaya ba sa motsi. Na saba ƙara lissafi a rayuwata. Wannan da zan iya, ragewa zan yi.

Abu ɗaya tak ta roƙe ni, kar a bar su da ƙishi.

Ina tsugune a wurin sai na ji sallama. 'Yar ɗakin Gwaggo ce, ta zo mayar da wata tukunya. Ta dubi kajin, ta dubi mazuban. Ta ciro ludayin daga ƙusa, ta kamfata, ta kurɓa, ta furzar har sai da ya taɓa katanga.

"Alhaji! Wa ka yi niyyar kashewa?"

"Ƙarfi na so su yi."

"Ka ɗanɗana kafin ka zuba?"

Na ce azumi nake. Ta dube ni irin kallon da Gwaggo ke yi mini, sai na ji kunya ta rufe ni tun daga hula har takalmi.

Ta zubar da ruwan duka, ta wanke mazuban, ta cika su da ruwan randa mai sanyi. Ka ga yadda 'yan tsakin nan suka yi kansa, sai da na juya baya. Sannan ta gaya mini abin da shekara talatin na kallo ba su nuna mini ba, don ni da safe kawai nake zuwa: ruwan ganye na safe ne. Da rana ta ɗaga, Gwaggo kwashewa take ta sa musu zallan ruwa.

Na ce to yanzu ina za mu sami zogale, an yi kwaɗo da shi.

Ta ce, "Reshen da ta ba ni ai ya fi ɗakina tsawo. Na kuma sara na ba mata shida a layinmu, duk ya kama."

Tun daga ranar, kowace safiya mijinta ke sauke ta da ƙunshin ganye kafin ya fara ɗaukar fasinja. Ita ke haɗawa, amma ta kafa mini sharaɗi: ba za a zuba ba sai na kurɓa. Kurɓar farko na ga kakana da ya rasu tun ina goye. Ta ce wannan daidai ne, in riƙe shi a harshe. A sati na uku na fara cewa a ƙara ruwa kafin ta faɗa. A na huɗu ta miƙo mini turmin ta koma gefe tana kallo. Mai rigakafi ya zo a ranakunsa, na tsaya masa a bakin ƙofa, da ya makara na yi masa faɗa, har ya ce ashe abin gado ne. Bayan sha ɗayan nan, uku kawai muka ƙara rasawa.

Ana jibi arba'in aka yi ruwan farko. Na tsaya a bayan gida ina kallon zogalen Gwaggo da ya sake tofo, ɗanye shar, ga shi kwanansa ya ƙare. A nan maganar matar nan ta dawo mini: na sara na ba mata shida, duk ya kama. Na ɗauki waya.

"Bawana, masu saran nan yaushe za su zo?"

"Washegarin sadaka. Kar ka fara roƙona, na gama magana."

"Wa zai roƙi bawansa? Cewa zan yi su zo ranar, da sassafe. A gama komai rana ɗaya."

Ya ce, "Me kake ƙullawa?"

"Ni? Taimakonka nake."

Suka zo, suka sare. Ba zan ɓoye ba, da bishiyar farko ta faɗi sai da na shiga ɗakin kaji na ɗan daɗe. Da na fito na karɓi adda. Ni da mijin matar nan muka daddatsa rassan, kowanne tsawon kamu ɗaya, zogale daban shuwaka daban, muka ɗaure su bibbiyu da igiyar buhu.

Kajin kuwa, in na ce kowace sai da mutum biyu suka kama ta, za a ce Sarkin Zuƙi ya motsa. To a rage ɗaya. Amma nama ne mai tauri daidai, ba irin mai kama da soso ba, kuma ba ƙarni. Aka yi farfesu, aka soya. Dattijon nan mai carbi ya ci ya suɗe yatsu, ya ce a ina aka samo kajin Hausa masu girma haka. Na ce, "Baba, ɗan abin nan nata ne." Ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa da sauri.

Da aka shafa addu'a na tsaya a bakin ƙofa. Duk wanda zai fita sai na miƙa masa ledar nama da ɗaurin sanda. Wanda ya ce nama kawai yake so, na ce a haɗe suke, haka mamaciyar ta bari. Maƙwabciyar nan mai jin wari ɗauri biyu ta karɓa, ta ce ɗaya na ƙanwarta ne. Tsohon malamin ya tambaya ta wane kai ake sokawa a ƙasa. 'Yar ɗakin Gwaggo na gefena tana yi wa mata bayani, na ji tana cewa, "Ya gaishe ki ya wuce. In ya zauna yana tambayarki iyali, ya yi yawa."

Taubashina na tsaye jikin motarsa yana kallo har sandunan suka ƙare. Ya ce, "Ka cuce ni, Maƙaryaci."

Na ce, "Kai ka sare. Ni rabawa kawai na yi."

Bai san na riga na jefa masa ɗauri uku a but ba, inda na taɓa mayar masa da katon.

An yi shagunan, guda uku, har da mai sayar da kayan waya. Haƙƙinsu ne. Amma wanda duk ya bi ta lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni bayan damina, ya ɗaga kai ya dubi saman katangu. In na ce zogalen Gwaggo ya fi turakun wutar lantarki yawa, ƙarya na yi. Kaɗan.

Watan jiya na je Hotoro gaida taubashina. A bayan gidansa, tsakanin fulawoyin matarsa, na ga zogale uku sun kai kafaɗata, an kewaye su da bulo, ƙasar a jiƙe.

Na ce, "Bawana, wannan fa?"

Ya ce, "Fulawa ce."

"Wace iri?"

"Ta ƙasar waje. Ba za ka gane ba."

Muka tsaya muna kallonsu, ba wanda ya dubi wani. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ludayin yana wurinka?"

Yana wurina. Yana rataye a bayan gidana a Tarauni, kusa da 'yan tsaki hamsin da matata ta rantse ba za su kwana mata a gida ba, yanzu kuma ita ke tashina in na makara. Na ce masa in yana so ya gan shi ya zo da safe, amma ya sani ba a kallonsa kyauta, sai an kurɓa.

Ya zo ranar Asabar. Ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ɗacin ne. Na ce na sani, ni ma kullum haka yake yi mini.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta taɓa barin mai rai da ƙishi ba, Allah kar ya bar ta da shi. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu cikawa da imani. Amin.